Malam, kada ka goge lambar daga kundin wasan yaro

Akwai wata ɗabi'a da nake gani wurin wasu malaman da ke koya wa yara wasan ces, wannan da Faransawa ke kira eshek, Larabawa kuma shaɗaranji, kuma lokaci ya yi da za a yi maganarta a fili. Yaro ya buga wasa, an rubuta takunsa ɗaya bayan ɗaya, an shigar a kwamfuta ko a salula. Na'ura ta dubi yadda aka soma wasan, ta liƙa masa wata ƴar lamba, misali C50 ko B22, tare da sunan salon da aka buɗe wasan da shi. Sai malam ya zo ya goge lambar ya bar sunan, wai tarkace ce, rikita yaro take yi. Wani malamin kuma da hannu yake rubutawa a kaye, ya sa "italienne" ko "sicilienne" a saman shafi ya rufe, bai ma nemi lambar ba. Ni na ce kuskure ne, kuma a kan yaron asarar take faɗawa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Na san akwai uban da zai karanta wannan ya ce ana ta kai wa ke ta kaya. Ana fama da kuɗin makaranta da na kaye da na bik, wa ya damu da harafi ɗaya da alƙaluma biyu? Ka yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe, baba. Abin da nake karewa shi ne ɗanka ya koyi ajiye aikinsa yadda zai iya komawa ya same shi, kuma yadda wanda ba ya jin harshensa zai iya karanta shi. Wannan darasi ya wuce allon ces. Maganar hukuncin wasan a fiƙihu kuwa na bar wa malamanta. Da waɗanda suka riga suka sa ƴaƴansu a ciki nake.

Abin da ke cikin kundin

Ga wanda bai saba ba, ƴan ces ba sa barin wasa ya bi iska. A babbar gasa dole kowane ɗan wasa ya rubuta takunsa da na abokin karawarsa. Allon gida 64 gare shi, kowane gida da sunansa: harafi daga a zuwa h, da lamba daga 1 zuwa 8. Shi ya sa za ka ga an rubuta e4 ko f7. Tun 1981 wannan tsarin rubutu kaɗai hukumar ces ta duniya, FIDE, ta amince da shi a gasanninta.

Da kwamfuta ta yaɗu, wani Ba'amurke mai suna Steven Edwards ya fito da hanyar ajiye wasa a fayil a 1993, aka fitar da cikakkiyar ƙa'idarta a 1994. Ana kiran tsarin PGN. Rubutu ne zalla, ba hoto ba bidiyo, kuma ɗaruruwan wasanni ba su kai nauyin hoton biki guda a salula ba. A saman kowane wasa akwai layi bakwai na dole: sunan gasa, wuri, kwanan wata, zagaye na nawa, wa ya riƙe farare, wa ya riƙe baƙaƙe, da yadda aka tashi. Bayan su akwai layukan ƙari, ciki har da na lambar buɗi, da na sunan buɗi, da na reshensa. Buɗi shi ne taku goma ko sha biyar na farko, inda kowa ke fito da mayaƙansa ya jera su kafin a gwabza. Layin lambar nan shi ne ake gogewa.

Ita lambar ba na'ura ce ta ƙago ta ba. A 1966 wasu ƙwararrun ƴan ces a Belgrade, babban birnin Yugoslabiya ta wancan lokaci, ƙarƙashin jagorancin Aleksandar Matanović, suka soma fitar da mujallar Informator, mai tattara manyan wasannin duniya. Matsalarsu irin tamu ce: masu karatunsu sun rarrabu cikin harsuna barkatai. Sai suka rage jimloli suka koma aiki da alamomi, yadda ɗan Rasha da ɗan Ajantina da ɗan Indiya za su karanta shafi ɗaya kowa ya gane. Daga 1974 zuwa 1979 suka fitar da babban kundin buɗi mai juzu'i biyar, wanda ake taƙaita sunansa da ECO. Kowane juzu'i da harafinsa, daga A zuwa E, kowane harafi da gurbi ɗari, daga 00 zuwa 99. Gurbi 500 ke nan. A taƙaice, idan fari ya soma da e4 baƙi ya amsa da e5 ko e6, kana cikin C. Idan baƙi ya amsa e4 da wani taku dabam, kana cikin B. Idan d4 ne aka amsa da d5, D ke nan. Mafi yawan salon da ake kira na Indiya, inda baƙi ke tarbar d4 da doki, suna cikin E. Abin da ya rage yana cikin A.

Hujjar masu son suna

Ba zan tauye wa masu goge lamba hujjarsu ba, don tana da ƙarfi. Suna cewa suna linzami ne, shi yaro ke riƙewa, kuma kowane suna da labarinsa. Gaskiya ne. Buɗin da ake kira Ruy López sunan wani limamin coci ne ɗan Sifen da ya rubuta littafin ces a 1561. Kariyar Faransa ta samo sunanta daga wasan da aka soma ta wasiƙa tsakanin Landan da Paris a 1834, inda mutanen Paris suka amsa e4 da e6. Akwai ma buɗin da ake kira da sunan goggon biri, saboda Tartakower ya buga shi a gasar New York ta 1924 bayan ya je yawo gidan namun daji. Wane yaro ne zai ji wannan ya manta?

Sa wa buɗi suna ma ba Turawa suka fara shi ba. Masanan shaɗaranji na zamanin Abbasiyawa, irin su al-Adli da as-Suli a Bagadaza, sama da shekara dubu da suka wuce, suna kiran jerin mayaƙa na farkon wasa ta'abiya, kuma kowace da sunanta: akwai mujannah, wato mai fukafukai, akwai sayyal, wato ambaliya, akwai wadda aka jingina wa shehunnai. Saboda haka ni ban ce a daina kiran suna ba. A aji, da baki, a kira suna a ba da labari. Rigimata da malam tana kan takarda, kan abin da za a ajiye a koma masa bayan wata shida ko shekara biyar.

To, wane sunan?

Tambayar da nake yi wa duk wanda ya ce suna ya wadatar ita ce: wane sunan, a wane harshe? Buɗin limamin nan na Sifen, masu Ingilishi ke ce masa Ruy López. Littafin Faransanci da ke hannun malam "partie espagnole" yake cewa. Abin da Ingilishi ke kira Petrov, Faransanci "défense russe" yake kira. Abin da Amurkawa ke kira Benko, Rashawa Volga suke ce masa. Kariyar Pirc a tsofaffin littattafan Tarayyar Sobiyet sunanta Ufimtsev. Buɗin goggon birin nan suna uku gare shi, don wasu na ce masa Sokolsky, wasu na ce masa na Polan, alhali taku ɗaya ne tak, b4. Mafi ban dariya, Ingilishi ya raba manyan kariyoyin Indiya biyu da sarki da sarauniya, ya ce ta Indiya ta ɓangaren sarki da ta ɓangaren sarauniya. Faransanci kuwa ya raba su da gabas da yamma, ya ce "est-indienne" da "ouest-indienne". Ko ka iya harsunan biyu kamar ruwa, fassara ba za ta kai ka daga wannan suna zuwa wancan ba. Sai wanda ya sani ya faɗa maka.

Yanzu ku dubi inda ƴaƴanmu suke tsaye. A lakol da Faransanci aka koya musu. Da sun buɗe intanet, mafi yawan bidiyo da littattafan ces da Ingilishi suke. Dandalin Lichess, wanda wani Bafaranshe, Thibault Duplessis, ya kafa a 2010 kuma kyauta ne, idan ya fitar maka da fayil, sunan buɗin da Ingilishi yake sa shi. Yaron Maraɗi da ɗan kawunsa na Katsina Hausa ɗaya suke yi a gida, amma a kan allon ces wannan ya ce "espagnole", wancan ya ce Ruy López, kowa na zaton ɗan'uwansa wani abu dabam yake nufi. Da sun duba kusurwar shafi sun ga C60 ko C65, da magana ta ƙare.

Ba a sunan buɗi kaɗai rikicin ya tsaya ba. Mayaƙin da ke tafiya a karkace, Faransawa wawa suke ce masa, Ingilishi ya ce limamin coci, Larabawa suka ce giwa. Harafin R a rubutun Faransanci sarki ne, a rubutun Ingilishi hasumiya ce. Yaron da ya ga Re1 a littafin malam zai ɗaga sarki, ya ga Re1 a fayil ɗin PGN, wanda ƙa'idarsa haruffan Ingilishi ce, dole hasumiya zai ɗaga. A cikin wannan kasuwar harsuna, abu biyu ne ba sa canza riga idan sun ƙetare iyaka: sunan gida, irin su e4 da f7, da lambar buɗi. Shi ne malam ya ɗauki ɗaya daga cikin biyun ya jefar.

Ko a harshe ɗaya ma suna yana da faɗi fiye da kima. Malam ya rubuta "sicilienne" ya ga ya gama aiki. Kariyar Sisiliya ita kaɗai ta cinye gurbi 80 cikin 500, daga B20 zuwa B99. Wanda ya buga B22 da wanda ya buga B90 kusan ba wasa ɗaya suke yi ba. Dabarar dabam, tarkon dabam, inda sarki ke ɓuya ma dabam. Buɗin Sifen gurbi 40 ne, daga C60 zuwa C99. Rubuta "sicilienne" a kan wasa kamar ka aika wasiƙa ne ka sa "Damagaram" a bayan ambulan, ba unguwa ba sunan mai gida.

Sannan akwai hanya biyu da ke kai mutum gida ɗaya. Wani ya soma da c4, aka amsa e6, ya fito da doki c3, aka amsa d5, ya tura d4. Wani kuma ya soma da d4, aka amsa d5, ya tura c4, aka amsa e6, ya fito da doki c3. Ka jera allo biyu ka duba: babu bambancin ko mayaƙi ɗaya. Malamin da ke kallon takun farko kawai zai rubuta wa na farko "anglaise", na biyu "gambit dame refusé", ya raba tagwaye ya kai su ɗaki biyu. Tsarin lamba inda aka isa yake dubawa, sai ya ba su duka D31.

Ranar da lambar ke aiki

Bari in kawo abin ƙasa, inda malami zai gan shi a ajinsa. A ce yarinya ta buga wasa arba'in cikin shekara, duk an rubuta. Malam yana so ya san inda take faɗuwa. Idan suna kaɗai ke sama, zai ga "italienne" a nan, "deux cavaliers" a can, wani shafin "e4 e5", wani kuma babu komai, ya danganta da wanda ya rubuta da abin da ya tuna ran nan. Idan lamba ce, sai ya jera su bi da bi cikin minti biyar, ko a kaye ne. Nan take zai iya ganin cewa duk ranar da ta riƙe baƙaƙe aka shiga C57, kafin taku na goma an gama da ita.

Me ke cikin C57? Fari ya fito da doki da wawa, duka biyu suna hararar gidan f7, wanda sarki kaɗai ke tsaron sa. Ga yadda littafin Faransanci zai rubuta: 1.e4 e5 2.Cf3 Cc6 3.Fc4 Cf6 4.Cg5 d5 5.exd5 Cxd5 6.Cxf7. Fari ya sadaukar da doki ya fito da sarkin baƙi tsakar fili. Italiyawa na kiran wannan Fegatello, masu Ingilishi na ce masa soyayyar hanta. Maganinsa sananne ne: a taku na biyar kada baƙi ya ci sojan da doki, ya kai ɗaya dokin gidan a5 ya kori wawan, wasa ya koma C58. Darasin yamma ɗaya ne. Amma kafin malam ya koyar da magani sai ya gano cutar, kuma lambar ce ke nuna masa ita. Ba don ita ba, sai yarinya ta shekara tana faɗawa rami ɗaya, uwarta ta ce ba ta da basirar wasan a cire ta, alhali taku guda ne ba a nuna mata ba.

Haka kuma idan yaro ya girma ya so ya ga yadda manya suka buga irin abin da yake bugawa. Rumbunan wasanni na intanet miliyoyin wasa gare su. Da lamba, sai ya buga C67 wasannin reshen Berlin su fito masa, har da waɗanda Kramnik ya toshe wa Kasparov hanya da su a Landan a 2000 ya karɓe kambun duniya. Da sunan da ya koya a lakol kuwa, sai ya yi ta lalube yana ƙona kuɗin intanet na ubansa. Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Mu malamai mun fi kowa sanin wannan, shi ya sa abin yake ba ni mamaki. A aji ɗaya za ka iske Abdu Musa uku, ga Ɗanladi wanda sunansa na yanka Ibrahim, ga wadda gida ke kira Ladi takarda na kiran ta Hadiza. Ranar BEPC akwai wanda ya taɓa cewa a soke lambar tebur don ba ta da daɗin kira? Muna kiran yaro da sunansa, muna ajiye sakamakonsa da lambarsa, kuma ba wanda ya ga saɓani a ciki. Me ya sa da aka zo kan wasan da yaron ya zauna awa biyu yana tunani a kai, sai mu ce a ajiye shi da laƙabi?

Abin da za su ce

Za su ce layin lambar ba ya cikin bakwai na dole. Haka ne. Ƙa'idar PGN ta faɗi mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi ne. Sunan buɗin da suke kare wa ma ba ya cikin bakwai ɗin.

Za su ce tsarin ya tsufa, kuma an yanka shi daidai da wasan manyan ƙwararru na shekarun 1970. Wannan ma gaskiya ne, kuma ga shaida. Taku 20 fari ke iya somawa da su, amma 14 daga ciki an cusa su a gurbi ɗaya, A00, har da na goggon biri. Tsarin Landan, wanda ƴan koyo da manya suka rungume a ƴan shekarun nan, ba shi da gida ɗaya, ya watsu tsakanin D02 da A46 da A48. A irin wannan wuri suna ya fi lamba faɗin gaskiya. To, wannan hujja ce ta a rubuta duka biyu, lamba da suna, layi da layi, kamar yadda tsarin fayil ɗin ya tanada tun farko. Ba a zubar da tulu don bakinsa ya ɗan ɓantare, balle ba ka da wani. Har yau babu tsarin da duniyar ces ta taru a kansa kamar wannan.

Za su ce ba mu da kwamfuta, wutar ma sai ta ga dama. Lamba ba ta cin wuta. Jerin gurabun da yara ƴan koyo ke faɗawa a ciki bai cika shafi biyu ba, don mafi yawan wasanninsu tsakanin C20 da C59 suke yawo, sai ɗan abin da ba a rasa ba a B da D. Malam ya kwafe shi sau ɗaya ya liƙa a bangon kaye. Wanda ke da salula mai intanet kuwa, ya shigar da takun a Lichess, lambar za ta zo masa kyauta. Aikinsa kawai kada ya goge.

Ɗaya kuskuren, wanda ya fi muni

Yanzu in juya ga waɗanda ke gyaɗa kai suna ganin ina bayansu. Akwai malamin da ya ji cewa lamba tana da muhimmanci, sai ya mayar da ita hadda. Ya tsayar da yara a layi: B90 mene ne? C42 fa? Wanda ya faɗi daidai a tafa masa, wanda ya kasa a rage masa maki. Wannan ya fi mai gogewa ɓarna, don mai gogewa takarda ya lalata, shi kuwa kan yaro yake lalatawa. Cutar da ta daɗe tana cin karatunmu ce ta biyo mu har kan allon ces: yaro ya haddace taƙaitaccen darasi ya zuba a takarda, a tambaye shi ma'ana ya yi zuru.

Lamba adireshi ce. Wanda ya haddace adireshin gida ɗari biyar bai shiga ko ɗaya ba, bai san wa ke ciki ba. Manyan ƴan wasa kansu ba su damu da riƙe gurabun nan a ka ba, don aikin mai ajiya ne. Abin da ya kamata yaro ya riƙe shi ne dalili: me ya sa ake fara kama tsakiyar allo, me ya sa ake fito da doki da wawa kafin sarauniya, me ya sa ake ɓoye sarki da wuri, me ya sa gidan f7 ke da rauni. Ku ɗauki tarkon nan na taku huɗu da ake kama kowane sabon shiga da shi, wanda Faransawa ke kira "coup du berger", Ingilishi ya jingina shi ga ɗan makaranta, Rashawa suka ce na yara ne. Yaron da ya san sunayen nan uku da lambar gurbinsa, amma bai ga sarauniya da wawa sun haɗu a kan f7 ba, za a kashe masa sarki a taku na huɗu yana cikin karanto su. Wanda bai san ko ɗaya ba amma ya ga haɗarin ya tura g6 a kan lokaci, shi ne ya iya ces.

Saboda haka iyaye, idan ɗanku ya dawo gida yana rera lambobi kamar jadawalin lissafi, kada ku yi murna tukuna. Ku ce ya jera allo ya nuna muku wasan da ya sha kashi na ƙarshe, ya faɗa muku da Hausa a wane taku abin ya lalace. In ya iya, malaminsa na aiki. In bai iya ba, ku je ku gana da malam.

Ribar da ba a lura da ita ba

Akwai wata riba da masu goge lamba ke hana mu ba tare da sun sani ba. Muddin suna ne kaɗai abin dogaro, dole mu riƙe sunan Faransanci ko na Ingilishi gam, don in muka sake shi mun ɓata. Amma idan lamba tana kusurwar shafi, bakinmu ya samu ƴanci. Yara na iya kiran tarkon taku huɗu kamun kazar kuku, su kira harin f7 sukar doki, su raɗa wa kowane buɗi sunan da zai zauna musu a ka, da Hausa, yadda mutanen Bagadaza suka raɗa nasu da Larabci, Rashawa suka raɗa nasu da Rashanci. Ba wanda ya nemi izinin wani kafin ya yi. Malamin Tawa ya kira shi da wani suna, na Yamai ya kira shi da wani, ranar da suka haɗu C57 za ta sasanta su. Wanda ke kishin a koyar da yara da harshen gida, shi ya fi kowa buƙatar lambar nan.

Abin da nake roƙo

Ga malamai ƴan'uwana, abu huɗu. Na ɗaya, kowane wasa a rubuta shi cikakke, da layukan nan bakwai, ko da wasan sada zumunci ne a ƙarƙashin bedi. Na biyu, bayan an tashi, malam ko babban ɗalibi ya sa lamba, ya sa suna a gefenta, da kowane harshe aka ga dama. Bayan an tashi na ce, don kada yaro ya zauna gaban allo yana tunanin gurbi maimakon taku. Na uku, a ƙarshen kowane zangon karatu a jera wasannin kowane yaro bisa lamba, a duba inda yake yawan faɗuwa, darasin zango mai zuwa ya fito daga nan. Na huɗu, kada lamba ta taɓa shiga tambayar jarrabawa.

Ga iyaye kuma abu ɗaya. Kundin wasannin nan na ɗanku ne, ba na makaranta ba. In zai canza lakol, ko aiki ya mayar da ku wani gari, ko ya ƙetara Najeriya karatu, ku karɓi kayen ko a tura muku fayil ɗin a salula. Kafin ku bar ofishin, ku buɗe shafi biyu ko uku ku duba sama. In kun ga harafi ɗaya da alƙaluma biyu a gefen sunan buɗin, duk malamin da ya karɓi yaron, ko da wane harshe yake koyarwa, zai san daga inda zai ɗora. In ba ku gani ba, ku ce a sa kafin ku tafi.